Yawon kallon namun daji: daga Tapowa zuwa Kure

In mutum ya saurari maganarmu ta yau da kullum sai ya yi tsammanin muna kwana muna tashi tare da namun daji. Sarki dai giwa ne a bakin maroƙa, jarumi zaki, mai taurin kai ɓauna, mai kwaɗayi kura. Amma a tara yara ɗari na Maraɗi ko Damagaram ko Tawa a tambaye su wa ya taɓa ganin ɓauna da idonsa, tana tsaye cikin ciyawa tana huci, da wuya a samu ko ɗaya. Wanda ya yi sa'a shi ne wanda aka kai gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe a shekara ta 1959, ya ga zaki kwance bayan ƙarfe yana hamma. Alhali kuwa shekaru da dama mutane sun riƙa tasowa daga Faransa da Jamus da Italiya, su biya kuɗin jirgin sama da na masauki, don kawai su shiga mota tare da ɗan jagora su ga waɗannan dabbobi cikin dajin ƙasarmu. Bisa wannan yawo ne za mu yi magana yau, da yadda ake yin sa, da mutanen da suka riƙe shi sana'a, da halin da ya shiga.

Turawa suna kiran wannan yawo da sunan safari. Kalmar ba tasu ba ce. Sun aro ta daga Sawahili, harshen gabashin Afirka, su kuma masu Sawahili daga Larabci suka samo ta, inda safar ke nufin tafiya. Daga wannan tushe ne mu ma muka samu kalmar safara ta fatake. Da farko safari tafiyar farauta ce. Bature mai kuɗi ya ɗauki bindigogi da ƴan alaro masu yawa ya shiga daji wata da watanni yana harbi. Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi irin wannan tafiya a gabashin Afirka cikin 1909, shi da ɗansa suka kashe ɗaruruwan dabbobi. Sannu a hankali na'urar ɗaukar hoto ta maye gurbin bindiga, musamman bayan da ƙasar Kenya ta hana farautar manyan namun daji a 1977. Dalilin a fili yake: zakin da aka harbe sau ɗaya ake cin kuɗinsa, wanda aka bari da rai kuwa kowace safiya wata mota za ta biya don ta gan shi. Yau a Serengeti ta Tanzaniya da Masai Mara ta Kenya da gandun Kruger na Afirka ta Kudu, wannan sana'a tana ciyar da dubban gidaje, daga direba da ɗan jagora har mai dafa abinci da mai saƙa tabarma.

Gandun da kogi ya raɗa wa suna

Mu ma muna da namu. Kudu da Yamai, kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, yana yin wata lanƙwasa sau da sau tsakanin duwatsu, wadda in an dube ta bisa taswira take kama da harafin W, wannan harafi da kuka koya a ajin yaƙi da jahilci a farkon wake da wuta. Daga nan gandun dajin ya samu sunansa. An mai da shi babban gandun ƙasa a watan Agusta na 1954, tun kafin samun mulkin kai. Ƙasashe uku ne suka raba shi, wato Nijar da Benin da Burkina Faso, kuma rabon Nijar ya kai hekta dubu 220. Gulbin Tapowa ne iyakarsa ta arewa, gulbin Mekuru ta kudu, kogin Isa kuma ya tare shi daga gabas. A 1996 hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin jerin kayan gadon duniya, a 2017 kuma aka haɗa shi da gandun Arli na Burkina da na Panjari na Benin suka zama abu ɗaya mai faɗin sama da hekta miliyan ɗaya da dubu 700.

A zamanin da hanya take buɗe, mai son zuwa yakan tashi daga Yamai ya bi ta Sayi, ya wuce Tamu, ya sauka Tapowa, tafiyar wajen kilomita 150. Can ƙofar gandun take, da ofishin ma'aikatan gandun daji da masaukin baƙi. Ba kowane lokaci ake shiga ba. Da damina hanyoyin cikin gandun sukan zama laka, ciyawar gamba ta fi mutum tsawo, ko giwa ce ta tsaya kusa da kai ba ka ganin ta. Sai wajen watan Disamba ake buɗewa, bayan ma'aikata sun gyara hanyoyi kuma sun sa wutar wuri. Wannan wuta da gangan ake sa ta tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, don ta ci sama-sama ba tare da ta kashe itatuwa ba, ta buɗe daji, sabon toho ya fito ya jawo dabbobi fili. Kallo ya fi kyau cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura, ƙananan tafkuna suka ƙafe, kowace dabba dole ta zo inda sauran ruwa yake. Sai dai mai kallon ma yana shan nasa rabon zafin.

Doka ce ba a shiga sai da ɗan jagora. Ana tashi da asuba, bayan salla, cikin mota kat-kat mai tsayin ƙafa, a yi tafiya a hankali kamar ta mai jaki. Ba a busa ƙaho, ba a ɗaga murya, ba a sauka daga mota sai wuraren da aka keɓe, ba a jefa wa biri abinci, kuma kafin duhu ya yi dole kowa ya koma masauki. Wajen ƙarfe goma rana ta yi zafi, dabbobi sun shige inuwa, sai a dawo a huta, a sake fita da la'asar. A bakin wasu tafkuna an gina rumfuna masu tsawo inda mutum zai hau ya zauna shiru ya jira. Wanda ke son ganin dorina da tsuntsayen ruwa kuwa sai ya bar mota ya shiga kwalekwale bisa kogi.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu ba ɗan jagora haƙƙinsa, domin shi ne ginshiƙin wannan sana'a, ko da yake sunansa ba ya fitowa cikin takardun kamfanonin yawon buɗe ido. Galibinsu ƴaƴan ƙauyukan da ke kewaye da gandun ne, wasunsu jikokin mafarauta. Da yawa ba su yi zurfi a makarantar boko ba, amma ƙasar daji a gare su kamar allo take. Baƙo yana kallon sama yana neman giwa, shi ɗan jagora ƙasa yake kallo. Ya ga sawu bisa rairayin hanya, ya duba ko gefensa ya ruguje ko da sauran kaifinsa, ko sawun zabin daji ya taka kansa, daga nan ya san dabbar da dare ta wuce ko yanzu-yanzu. Ya ga kashin giwa ya fasa da sanda, in cikinsa da ɗumi sai ya sa direba ya kashe mota. Ya ga reshen da aka karya ruwansa bai bushe ba, ya san garken bai yi nisa ba. Yana sauraren birai: in gwaggon biri ya yi wani irin haushi daga kan itace, to akwai damisa ko zaki a kusa. In ungulaye suna kewaya wuri ɗaya a sama, akwai mushe a ƙasa, mai mushen kuma ƙila yana kwance gefe. Yana kuma lura da inda iska ke kaɗawa, don giwa ba ta da ƙarfin gani amma hancinta ba ya kuskure. Ya san bambancin giwar da ta buɗe kunnuwa tana kaɗa kai don ta ba da tsoro, da wadda ta yi shiru ta naɗe hanci ta sunkuyar da kai, wadda ita ce ta yi niyya da gaske. Wannan ilimi ba ya cikin littafi ko ɗaya. A bayan uba ko a bayan tsohon ma'aikaci ake koyonsa, da ƙafa, shekara da shekaru.

Me ake gani? Gwanki mai ƙahoni lanƙwasassu zuwa baya, wanda shi ne adon wannan daji. Kanki mai doguwar fuska. Mariya da gwambaza a bakin ruwa, mazo cikin duhuwar gulbi, gada da batsiya suna tsalle su ɓace. Gadu da ƴaƴansa suna gudu wutsiya a miƙe sama. Garken ɓauna, wanda ƴan jagora suka fi jin tsoronsa bisa zaki, musamman tsohon namiji da ya ware shi kaɗai. Kadoji suna shan hantsi bisa yashin Mekuru. Tsuntsaye kuwa an ƙidaya sama da iri 350, daga burtu mai tafiyar ƙasaita har gauraka da tuje. Giwa, wadda ke ɗaukar ciki wata 22 kuma take iya shan ruwa sama da lita 100 a yini, tana da garke mafi yawa na Afirka ta Yamma a cikin waɗannan gandaye uku.

Zaki ne abin da kowane baƙo ke tambaya tun kafin mota ta tashi, shi ne kuma aka fi komawa gida ba a gani ba. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk faɗin Afirka ta Yamma ba su wuce wajen 400 ba, kuma kusan kashi tara cikin goma nasu suna cikin W da Arli da Panjari. Don haka kada mu yaudari kanmu: dajinmu ba Serengeti ba ne, inda fili yake fetal kuma dabbobi sama da miliyan ɗaya ke ƙaura tare kowace shekara. Namu daji mai itatuwa ne, dabbobinsa masu tsoron mutum, saboda sun daɗe suna shan harbi. Amma a ganina wannan ne ma daɗinsa. Can wani lokaci motoci ashirin ke kewaye zaki ɗaya kamar ƴan kallon dambe. Nan kuwa mutum yakan yini bai gamu da wata mota ba, in kuma Allah ya nuna masa zaki, ya san da wahala da gwanintar ɗan jagoransa ya gan shi.

Akwai wani abu da ɗan jagora mai gaskiya yakan nuna wa baƙo, wanda ba dabba ba ne. Nan da can cikin gandun ana tarar da kukoki manya-manya a tattare wuri ɗaya, ƙarƙashinsu sakaina da kashin maƙera. Kufai ne. Da akwai mutane a nan, duk da ƙudan tsando da ciwon makanta na bakin gulbi da suka hana wurin cika. Turawan mulkin mallaka ne suka tashe su sa'ad da suka shata gandun, ba kuwa da shawararsu ba. Wannan tarihi bai mutu ba. Makiyayin da ke gangarawa kudu da rani yana ganin ciyawa kore da ruwa a bayan iyakar da aka hana shi tsallakawa, shanunsa kuma suna ramewa. Manomi yana ganin ƙasa baƙa mai albarka kwance. Bayan farin shekarun 1970, a 1976, hukuma ta yanke wani ɓangare na gandun Tamu da ke tare W daga arewa ta ba manoma, aka sa wa wurin suna A-yi-noma. Dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998 ta tanadi hukunci ga mai shiga ba izini, amma tara da ɗauri kaɗai ba su taɓa tsare daji ba. Mutumin ƙauyen da ɗansa ke jagora, matarsa ke sayar wa masauki zuma da man kaɗanya, kuma aka gina wa garinsu rijiya da kuɗin shiga, shi ne ke zuwa ya faɗa in ya ga baƙuwar fuska da bindiga.

Raƙuman dawa na Kure

A W babu raƙumin dawa. Mai son ganinsa sai ya ɗauki hanyar Doso, ya yi wajen kilomita 60 daga Yamai ya tsaya Kure. A nan ne abin mamakin yake, domin wurin ba gandu ne mai shinge ba. Gonakin gero ne da wake, da ƙauyukan Zabarmawa da rugagen Fulani, raƙuman dawa kuma suna yawo tsakaninsu, yaro yana kora awaki ta gefensu ko ɗaga kai ba ya yi. Irin wannan raƙumin dawa mai hasken fata a da ya bazu tun daga Senegal har tafkin Cadi. Farauta da sarar daji da fari suka cinye shi ko'ina, sai ɗan garken da ya sauko wannan yanki cikin shekarun 1980. A 1996 aka ƙidaya su aka samu 49 kacal. Ku dubi wannan adadi da kyau, ƴan'uwa: duk duniya saura 49, ko garken Bafulatani mai matsakaicin hali ya fi su yawa. Da hukuma ta tsananta tsaro, ƙungiyoyi suka shiga ƙauyuka da rance da rijiyoyi da faɗakarwa, sai garken ya farfaɗo, kafin 2018 ya haura 600. Ga dabbar da ke ɗaukar ciki wajen wata 15 ta haifi ɗa ɗaya, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

A zamanin da hanya take buɗe, yawon Kure ya fi na W sauƙi, rabin yini ya isa. Baƙo ya tsaya bakin kwalta inda ƴan jagora ke da rumfarsu da ƙungiyarsu, ya biya, a ba shi wanda layi ya zo kansa. Mota ta sauka daga kwalta ta bi hanyoyin amalanke. Da damina dabbobin suna bisa tudu cikin dajin geza da sabara, da rani su gangara Dallol Boso wajen Harikanasu su ci ganyen gawo, wannan itace da ke yin ganye lokacin da sauran suka kaɗe. Ɗan jagora ya tambayi mai noma, ya tambayi mata masu itace, wani lokaci ya hau kan mota ko ya hau itace ya yi hange. In an same su sai a sauka a taka da ƙafa sannu-sannu, har a matso kusa ƙwarai, tun da babu zaki a yankin kuma dabbobin sun saba da mutane. Babban namiji yana haura mita biyar. Ƴan jagora da yawa sun san kowanne da zanen jikinsa, tun da ba biyu masu zane iri ɗaya, kuma da iliminsu ne masu ƙidaya suka riƙa aiki.

Kada kuma mu ɓoye kukan manomi. Raƙumin dawa yana son wake. Yana cin na gona, yana miƙa wuya ya ci wanda aka shanya bisa rumbu, yana cin mangwaro a garka, katanga kuwa ba ta tare shi. Mutumin da aka cinye wa waken da ya yi niyyar sayarwa ya yi wa iyali tufafin salla, aka kuma ce masa in ya taɓa dabbar zai je gidan kaso, ba za a lallashe shi da maganar kayan gadon duniya ba. Da garken ya ƙaru, ƙorafin ma ya ƙaru. Abin da ya riƙe zaman lafiya tsakaninsu shi ne ɗan abin da ke shigowa ta hanyar baƙi.

Sai ga shi baƙin sun ɗauke ƙafa. A watan Mayu na 2019 ƴan bindiga suka sace Faransawa biyu a gandun Panjari na Benin, suka kashe ɗan jagoransu. Ran 9 ga Agusta 2020, wata Lahadi da safe, wasu bisa babura suka tare mota a yankin Kure suka kashe mutum takwas: Faransawa shida ma'aikatan wata ƙungiyar agaji, da direbansu ɗan Nijar, da ɗan jagoran da ke tare da su, wanda shi ne shugaban ƙungiyar ƴan jagoran Kure. Allah ya jiƙan namu, ya ba iyalansu haƙuri. Hukuma ta dakatar da shiga wurin, ƙasar Faransa kuma ta gargaɗi mutanenta da su guji kusan duk faɗin Nijar in ban da Yamai. A W ma ƴan ta'adda sun samu maɓoya cikin dajin da ke tsakanin iyakoki uku, sun kai wa ma'aikatan gandun daji da sojoji hari a ɓangarori dabam-dabam, yawon kallo ya tsaya. Ba za mu ba kowa shawarar ya kama hanyar Tapowa ba sai hukumomin tsaro sun ce an buɗe.

Asarar ba ta kuɗi ce kaɗai ba. Motar ƴan kallo da ke zagaya daji kowace safiya ido ce, kasancewarta kaɗai tana korar maharbin ɓoye da mai sarar itace. In ta daina wucewa, hanya ta toshe da ciyawa, tarko ya yawaita. Ɗan jagoran da ya shekara biyar ba aiki ya tafi Yamai ko Kwatano neman abinci, yaron da ya kamata ya bi bayansa ya koyi karatun sawu ya tashi bai koya ba. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne tun farko mun gina sana'ar bisa baƙon waje kusan shi kaɗai. Ma'aikatanmu masu mota da albashi ba su saba kai iyalinsu Kure ran hutu ba, makarantun da suka taɓa kai ɗalibai kaɗan ne. Maƙwabtanmu na Najeriya sun fi mu a nan: gandun Yankari na jihar Bauci, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962, yawancin masu zuwa cikinsa ƴan ƙasa ne, ɗalibai da iyalai, suna kallon giwa suna wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Da ƴan ƙasa ne rabin masu zuwa Kure, da ranar da hanya ta sake buɗewa ƴan jagora ba za su zauna jiran jirgin Paris ba.

Mutanen jahar Maraɗi kuwa suna da labarin da ya shafe su kai tsaye. Masana sun daɗe suna faɗin cewa ajiye dukan raƙuman dawa wuri ɗaya kasada ce, annoba ɗaya ko fari ɗaya na iya share su. Don haka a watan Nuwamba na 2018 aka kama takwas a yankin Kure, aka tsare su cikin shinge na ƴan makonni don su natsu, sa'an nan aka ɗora su bisa babbar mota mai dogon akwati buɗaɗɗe, kawunansu a sama, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji, arewa da Dakoro. Wannan gandu mai hekta dubu 76 an kafa shi tun 1955, kuma rabonsa da raƙumin dawa ya kusa shekara 50, tun farin shekarun 1970. Duk garin da motar ta ratsa mutane sun fito bakin hanya suna kallo. A 2022 aka ƙara kai huɗu, kuma tuni aka samu haihuwa a can. An ɗauki samari daga cikin Abzinawa da Fulanin yankin suna bin sawunsu kullum, suna rubuta inda suka kwana da abin da suka ci.